Da gaske hoton ƙwaƙwalwa ya nuna addinin gaskiya?

Ɗan Gadarif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani bidiyo yana yawo a WhatsApp tsakanin ɗalibai a nan Gadarif. Abokin karatunmu ne, Kirista daga Duwatsun Nuba, ya tura mana, kuma ba da niyyar tsokana ba. An nuna hotunan ƙwaƙwalwa biyu, ɗaya ja wur, ɗayan ya dushe, aka ce likitocin Amurka sun ɗauki hoton Kiristoci suna magana da waɗansu harsuna, wato furta kalmomin da su kansu ba su san ma'anarsu ba a cikin ibada, sai suka ga ɓangaren da ke sarrafa magana ya yi shiru alhali baki yana motsi. Mai bidiyon ya ce ai gani ya kori ji, Ruhu Mai Tsarki ne ke maganar, kimiyya ta gaskata Kiristanci. Da gaske an yi wannan binciken? Yaya na'urar take aiki? In kuma an yi, ya isa hujja? Ba amsar zagi nake nema ba, ina son abin da zan zauna da shi mu duba tare.

Mai Ranin, Bur Sudan:

Wa alaikumus salam ƙanena. An yi binciken. Andrew Newberg ne ya yi shi a Jami'ar Pennsylvania, ya wallafa a 2006, a kan mata 5. Riƙe adadin nan, za a dawo kansa. Ni dai bari in yi maka bayanin na'ura, don in ka san yadda ake haɗa hoton, rabin tambayarka ta amsu.

Na'urar da ya yi aiki da ita SPECT ce. Tun kafin a fara ibada ake sa wa mutum ƙaramar allura a jijiyar hannu, a haɗa ta da doguwar roba. Idan ibadar ta yi nisa sai a tura sinadari mai ɗauke da teknetiyam-99m, wanda ke fitar da ɗan tururin nukiliya, ƙarfinsa kuma yana raguwa da rabi duk awa 6. Jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, cikin kamar minti 2 ya maƙale a can, inda jini ya fi gudana nan ya fi taruwa. Bayan an gama ibada ne ake kwantar da mutumin a ɗauki hoto na wajen rabin awa. To ka ga abin da aka kama matsakaicin gudun jini ne na waɗannan 'yan mintoci. Ba tunani aka ɗauka ba, ba kuma bidiyo ba ne. Duk abin da bai kai kusan santimita 1 ba na'urar ba ta bambance shi da kyau.

Abu na biyu, hoto ɗaya ba ya cewa komai, sai an gwada shi da wani. A binciken 2006 an ɗauki matan suna waƙar coci da Ingilishi, aka sake ɗaukarsu suna magana da harsuna, aka ɗebe wannan daga wancan. Saboda haka "ya yi shiru" ƙari ne na mai bidiyo. Abin da aka gani shi ne jinin ɓangaren goshi ya ragu kaɗan idan aka gwada da lokacin waƙa. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya yi shiru da gaske ya mutu ke nan, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ja da shuɗin kuwa kwamfuta ce ke shafa su, mai aiki shi ke zaɓar inda launi zai fara. Ka matsar da ma'aunin kaɗan, ƙaramin bambanci ya koma kamar gobara.

Ɗaya na'urar ita ce fMRI, ƙanwar MRI, wato ranin ɗin da muka sani a asibiti, mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ko 3. Ita ba ta bukatar allura. Tana bin bambancin jini mai oksijin da wanda ya sauke nasa, dabarar da Seiji Ogawa ya gano a 1990. Matsalolinta a aikace: jinin yana biyo bayan aikin jijiya da daƙiƙa 4 zuwa 6. Canjin da ake nema ƙarami ne, sau da yawa wajen kashi 1 cikin 100. Mutum yana kwance cikin rami, an danne kansa da soso, ƙarar na'ura ta wuce desibel 100, kuma motsin kai na milimita ɗaya ko biyu yana iya ɓata aikin ko ya haifar da alamar ƙarya. Babu ruku'u, babu sujada, babu tsalle da tafi. Abin da ake aunawa a ciki ba shi ne ibadar masallaci ko ta coci ba.

Sai lissafi. Ana yanka ƙwaƙwalwa ƙananan akwatuna masu kusan milimita 3, dubun-dubatarsu, a gwada kowanne shi kaɗai. Idan akwatuna 50,000 ne kuma ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, kana iya samun 2,500 sun "haskaka" ba don komai ba. Craig Bennett ya nuna wannan a 2009: ya sa mataccen kifi a na'ura, ya nuna masa hotunan mutane, ya ƙi yin gyaran lissafin da ke rage irin wannan kuskure, sai ga alamar aiki a kan kifin. In ka ga hoton ƙwaƙwalwa ka tambayi abu uku: mutum nawa, da me aka gwada, an yi gyaran lissafi?

Likitar Jijiya, Kassala:

Mai Ranin ya gama da na'ura. Ni kuma ɗana, ko mun ɗauka na'urar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, hujjar ba ta tsaya ba, kuma Newberg ɗin da kansa ne ya rushe ta da sauran ayyukansa.

A 2001 ya auna 'yan Buddha 8 masu bin tsarin Tibet suna zurfafa tunani. Aikin ɓangaren goshi ya ƙaru, domin shi ke riƙe hankali wuri ɗaya. Na ɓangaren saman kai ta baya kuwa, wanda ke gaya wa mutum inda jikinsa ya ƙare da inda duniya ta fara, ya nuna alamar raguwa, ya danganta hakan da jin cewa mutum ya narke cikin komai. A 2003 ya auna sistocin Katolika 3 suna maimaita addu'a a zuci, ya samu abu mai kama da wannan. 'Yan Buddhan nan ba su yarda da Mahalicci irin yadda sistocin suka yarda ba, amma hotunan suka yi kama.

Yanzu raguwar goshi, wadda bidiyon ya rataya komai a kanta. A 2015 Newberg da abokan aikinsa sun auna Musulmi 3 suna salla da zikiri mai zurfi, aka ga aikin goshi ya ragu, suka alaƙanta shi da miƙa wuya. A 2012 an auna 'yan Brazil 10 masu cewa ruhohin matattu ke rubutu da hannunsu, gwanayen cikinsu suka nuna raguwar aiki a wasu sassa har da na goshi. A 2008 Charles Limb da Allen Braun sun sa makaɗan piyano 6 a fMRI suna ƙago kiɗa nan take, ɓangaren goshi mai sa ido a kan abin da mutum ke yi ya lafa. To wa za a ba gaskiya a cikinsu? Abin da raguwar ke nunawa shi ne mutum ya saki linzami, ya daina tace abin da ke fitowa. Matan sun ce ba su ke sarrafa harshensu ba, hoton kuma ya yi daidai da cewa ba ƙarya suke yi game da abin da suke ji ba. Iyakarsa ke nan. Wane ne ya karɓi linzamin, na'ura ba ta da wurin da za ta rubuta wannan.

Akwai aikin da ya fi waɗannan tsabta. Uffe Schjødt a Aarhus ta Denmark, 2009, ya sa matasa Kiristoci 20 masu riƙon addini su yi abu huɗu a cikin fMRI: Addu'ar Ubangiji da suka haddace, waƙar yara da suka haddace, addu'a da kalmomin kansu, da roƙon Santa Claus, wanda duk sun san tatsuniya ne. Addu'ar da suka yi da kalmominsu ta tayar da sassan da muke amfani da su idan muna hira da mutum muna auna abin da ke ransa. Masu wa'azi suka ce ga shi, Allah na gaske ne. Masu musun Allah suka ce ga shi, aboki ne na ƙage. Duka biyu sun wuce gona da iri. Abin da aka gano shi ne masu addu'ar sun ɗauki wanda suke kira a matsayin mai ji, mai amsawa, abin da da an tambaye su ma da sun faɗa. Mitar lantarki tana nuna an kunna rediyo a gida, ba ta gaya maka ko labarin da ake karantawa gaskiya ne.

Sam Harris ma, wanda shi mai musun addini ne, ya auna Kiristoci 15 da marasa addini 15 a 2009. Ya ga wuri ɗaya a tsakiyar goshi ta ƙasa yana ƙara aiki duk lokacin da mutum ya gaskata magana, ko ta addini ce ko ta yau da kullum. Wurin yana bin gaskatawar mutum ne, ba ingancin maganar ba.

Batun "gurbin Allah" a ƙwaƙwalwa kuwa an daɗe da barinsa. Mario Beauregard a Montreal ya auna sistoci 15 a 2006, ya ga wurare kusan goma sha biyu suna aiki tare, ba guda ba. Kuma ka lura, sistocin sun gaya masa ba a kiran Allah yadda aka ga dama, don haka tuna abin da suka taɓa ji aka sa su yi. Tunawa aka auna.

Baƙon Bur Sudan:

Salama gare ku. Ni Kirista ne, kuma da abokinka zai ji shawarata, da ya ajiye bidiyon nan. Dakta ta faɗi na kimiyya, ni zan faɗi na Littafi.

Da'awar Kiristanci ba a kan abin da mai bi yake ji a jikinsa ta tsaya ba. A kan abin da ya faru a tarihi ta tsaya. Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 15:14 cewa in ba a ta da Almasihu daga matattu ba, wa'azin banza ne, bangaskiyar ma banza ce. Musulmi kuma suna da Suratun Nisa'i aya ta 157 da ke cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Saɓaninmu ke nan, a kan abin da ya auku a Urushalima zamanin Bilatus, gwamnan Romawa. Jinin goshin mace a Philadelphia a 2006 ba zai raba wannan gardama ba.

Ko a kan harsuna ma bidiyon bai bi Littafi ba. 1 Korintiyawa 14:27-28 ya ce mutum biyu ko uku kawai, bi da bi, a samu mai fassara, in babu mai fassara a yi shiru. Wanda aka ce ya jira layinsa ko ya yi shiru ai yana da iko da bakinsa. Rasa iko ba shi ne ma'aunin Ruhu ba. 1 Yahaya 4:1 ma ya ce kada a gaskata kowane ruhu, a gwada su. Kuma ba dukan Kiristoci suke yin wannan ibada ba, coci-coci da yawa suna ganin baiwar ta ƙare tun zamanin manzanni.

Inda nake ganin binciken ya amfane mu, mu da ku, wuri ɗaya ne. Akwai masu cewa tunda an ga addu'a a ƙwaƙwalwa, to Allah ƙirƙirar ƙwaƙwalwa ne. Masanin halayyar ɗan Adam William James ya ba su amsa tun 1902: sanin ta inda tunani ya fito a jiki ba ya yanke hukunci a kan gaskiyarsa, in ba haka ba rashin imanin ma daga jiki ya fito. Lissafin biyu da biyu yana da nasa sassan a ƙwaƙwalwa, bai hana amsar zama huɗu ba. Masana irin su Justin Barrett sun nuna yara ƙanana suna saurin ganin manufa da mai tsarawa a cikin halitta. Malamin Kirista John Calvin ya yi maganar wani ji na sanin Allah da aka dasa wa kowa, masanin falsafa Alvin Plantinga ya gina a kansa, Romawa 1:19-20 ma ta nufi wajen. Wannan ya dace da imani da Mahalicci. Amma bai ce Triniti ba, wato aƙidarmu ta Allah ɗaya cikin uku.

Na-Maiwurno:

Madalla da Baƙo, ya yi adalci. Abin da ya kira ji da aka dasa, mu fiɗira muke ce masa, tana Suratur Rum aya ta 30, da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa kowane jariri a kanta ake haifarsa, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse. Ruhi kuwa, Suratul Isra'i aya ta 85 ta ce yana daga al'amarin Ubangiji, ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan.

Ɗana, kafin ka je wurin abokinka ka share naka gidan. Mu ma muna tura irin waɗannan: wai na'ura ta nuna sauraren Alƙur'ani yana sa ƙwaƙwalwa fitar da igiyar natsuwa, wai sujada tana zubar da lantarkin jiki cikin ƙasa. In ka ƙi nasa ka karɓi namu, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya taɓa tsayawa a filin Hamad an-Nil a Umdurman ranar Juma'a da yamma kafin yaƙi ya ga mutanen da jazba ta ɗauke su. Masu zar a nan da masu bori a ƙasar Hausa su ma suna fita hayyacinsu. Da fita hayyaci hujja ce, da kowa ya ci. Shi ya sa shehunan ɗarika ba su mayar da halin fita hayyaci ma'auni ba. Shehu Tijjani cewa ya yi in an ji magana daga gare shi a auna ta da ma'aunin shari'a, abin da ya dace a ɗauka, wanda ya saɓa a bari.

Likitar Jijiya, Kassala:

Allah gafarta Malam, igiyar da ake nufi ita ce alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Hans Berger ya bayyana ta tun 1929. Duk mai lafiya in ya rufe ido ya natsu tana fitowa a bayan kansa, ko yana sauraren karatu ko ba ya sauraren komai. Binciken da bai tabbatar ido a rufe yake ko a buɗe a duka gwaje-gwajen ba, rufe ido ya auna.

Amma ina da ja da ku biyun a wuri ɗaya. Cewa yara suna karkata ga ganin mai tsarawa ya "dace" da fiɗira ko da maganar Calvin, haka ne. Sai dai mai musun Allah ma zai ce ya dace da nasa: kakanninmu da suka ɗauki motsin ciyawa a matsayin zaki sun fi tsira, sai muka gaji saurin ganin mai rai a bayan kowane motsi. Abin da ya dace da kowane ɓangare ba ya rinjayar da ma'auni. Kuma wannan karkata ita ce dai ke haifar da tsoron mayu da bautar gumaka, ba tauhidi kaɗai ba.

Ɗana, wataƙila abokinka ko wani ya kawo maka hular Michael Persinger ta Kanada, wadda aka ce tana sa mutum jin wani yana kusa da shi. Ƙarfin maganaɗisunta wajen mikrotesla 1 ne, na ƙasar da muke takawa ya kai 25 zuwa 65. Pehr Granqvist ya sake gwajin a Uppsala da mutum 89, daga mai gwadawa har wanda ake gwadawa babu wanda ya san ko an kunna, ya wallafa a 2005. Hular ba ta yi komai ba. Waɗanda suka ji wani abu su ne masu saurin ɗaukar abin da aka raɗa musu.

Ɗan Gadarif:

Na gode iyayena, Allah ya saka. Saura ɗaya Dakta. A ƙarƙashin bidiyon wani ya rubuta cewa duk wannan farfaɗiya ce kawai. Akwai ƙamshin gaskiya? Kuma yaya za a gane mai jazba daga mai ciwo?

Likitar Jijiya, Kassala:

Ƙamshi kaɗan. Norman Geschwind da Stephen Waxman sun bayyana a shekarun 1970 cewa wasu masu farfaɗiyar ɓangaren gefen kai, daidai saman kunne, suna yawan rubutu da tsananin addini. Amma tsiraru ne. A wani bincike a Japan a 1998, cikin masu farfaɗiya 234, mutum 3 kawai suka ji wani abu na addini lokacin tashin ciwon. Yawancin masu farfaɗiya ba sa jin haka, yawancin masu ibada kuma ba su da farfaɗiya.

Bambancewa kuwa yana da amfani, don a nan ne ake cutar da mutane, a shekara ana ruƙiyya ko ana kai yaro coci alhali ƙwayar magani yake bukata. Farfaɗiyar gefen kai gajera ce, daƙiƙa 30 zuwa minti 2 galibi. Kullum iri ɗaya take zuwa. Ba ta zaɓar wuri, tana kama mutum a kasuwa, a aji, ko cikin barci. Sau da yawa tana farawa da wani abu da ke tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, ko wari da ba kowa ke ji ba, ko tsoro ba dalili. Sai ido ya kafe, mutum yana tanɗar baki ko yana murza riga, a kira shi bai amsa ba. Bayan ta wuce ya rikice na 'yan mintoci, ya gaji, bai tuna komai ba. Jazba kuwa a mahallinta take zuwa, da ganga da taro, tana hawa a hankali, tana iya daɗewa, kuma tana lafawa idan an tsayar da zikirin.

Abin da ya fi taimakon likita shi ne bidiyon waya: a ɗauki fuska da hannaye tun daga farko, a kira sunansa a ji ko zai amsa, a duba agogo. EEG, wato rasmul mukh, awon lantarkin ƙwaƙwalwa, na minti 20 zuwa 30 yana iya fitowa lafiya ƙalau a kusan rabin masu ciwon a karon farko, don haka sakamako mai kyau bai kore ta ba. Akan maimaita bayan an hana mutum barci. In ya faɗi yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe ɗaya. Kada a danne shi, kada a tura cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai, don yana iya shaƙewa. Ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, asibiti nan take. Wanda kuma aka ɗora a kan magani irin su karbamazefin, musamman inda samunsa yake da wuya, ya nemi na gaba tun saura na mako biyu, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa.